Yadda Za Ka Gane Ma'anar Kalmar "Charge" a Duk Inda Ka Ci Karo da Ita

Bahaushe ya daɗe da arar wannan kalma. Muna cajin waya, muna kai ƙara caji ofis, makaniki ya caje mu kuɗin gyara, banki kuma ya cire cajinsa ko an ƙi ko an so. Wannan sabon ne ke sa mai koyon Turanci ya ɗauka ya gama da "charge". Sai ranar da ya ga jarida ta rubuta "the minister was charged with reviving the railway", ya kama baza labari wai an maka minista a kotu, alhali aikin farfaɗo da jirgin ƙasa aka danƙa masa.

Haddar jerin ma'anoni ba za ta fisshe ka ba. Kalmomin Turanci da aka fi amfani da su su ne suka fi tara ma'ana: da masu babban ƙamus ɗin Oxford suka sake bitar "run" a 2011, ma'ana 645 suka lissafa wa aikatau ɗinta kawai. "Charge" ba ta kai nan ba, amma ita ma tana da abin da ya isa ya rikita mutum. Abin da ke aiki shi ne ka riƙe tushenta guda ɗaya, sannan ka koyi duba kalmomin da ke zagaye da ita, musamman ƙananan nan da ido ke tsallakewa: for, with, of, to, at.

Fara da tushe

Asalin kalmar daga Latin ne. "Carrus" keken ɗaukar kaya ne, "carricare" kuma yi wa keken lodi. Daga nan ta shiga tsohon Faransanci, ta ƙetara Ingila bayan da Normandawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, ta zauna a Turancin Ingilishi wajejen ƙarni na 13. Ita da car, carry da cargo 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya yi boko a Nijar ya san wannan ma'anar har gobe, domin a Faransanci "charger un camion" lodin mota ne. A Ingilishi kuwa "load" ta karɓe wannan aikin, amma kusan duk sauran ma'anonin daga lodin suka tsiro.

A nan Hausa ta ba ka sauƙin da mai wani harshen ba lallai ya samu ba. Muna ɗora wa jaki kaya, mu ɗora wa talaka haraji, mu ɗora wa mutum laifi, mu ɗora masa nauyin jama'a. Sannan muna ɗura wa bindiga albarushi. To, duk inda ka ga "charge", tambayar farko ita ce: me aka ɗora, kuma a kan wa? In kuɗi ne, ka shiga kasuwa. In laifi ne, ka shiga kotu. In aiki ne, ka shiga ofis. In wuta ce, batir ake magana. Ma'ana ɗaya ce kawai ta ɗan kauce wa wannan, wato ta kai farmaki, za mu zo kanta.

Aikatau ce ko suna?

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. In ka ga a, the, no, any, this ko wata sifa gabanta, suna ce: "a small charge", "no charge". In ta biyo bayan mai aikin, ko bayan to, will, can, aikatau ce. Inda ake ruɗewa shi ne "charges", domin tana iya zama ko wanne. A "she charges too much" aikatau ce, tana tsawwala kuɗi. A "the charges are too high" jam'in suna ce, kuɗaɗen sun yi yawa.

Kanun jarida na da nasu tarkon, saboda suna zubar da ƙananan kalmomi don tsimin fili. "Police charge trader" na nufin 'yan sanda sun tuhumi ɗan kasuwa. "Trader charged" kuwa ba ɗan kasuwar ne ya yi wani abu ba, shi aka tuhuma. "Was" ce aka cire daga tsakiya. In ka ga "charged" a kanun labari babu karɓau (wato wanda aikin ya faɗa wa) bayanta, mayar da "was" ɗin a zuciyarka kafin ka fassara.

For da with: inda aka fi faɗuwa

In kuɗi ake magana, ginin jimlar haka yake: mai karɓa, charge, mai biya, adadin kuɗi, for, abin da aka biya dominsa. "The mechanic charged me 5,000 naira for the repair." Lura cewa babu wata ƙaramar kalma tsakanin "charged" da "me", babu kuma tsakanin "me" da kuɗin. Masu cewa "he charged 5,000 from me" Hausa suke ji a kunne, "ya karɓa daga wurina", suna zuba ta da Turanci. Sannan "charge" ba ta nufin an riga an karɓa. Neman kuɗin ne, yanka farashi. Kana iya tayawa ko ka ƙi biya. Sai dai in saƙon banki ne ya ce "your card has been charged", wannan kam an riga an cire.

Mutum ko kamfani ne ke yin "charge", kaya ba ya yi. Kaya "cost" yake yi. Ka ce "how much does the bag cost?" ko "how much do you charge for the bag?", amma ba "how much does the bag charge?" ba. In kana so a rubuta kuɗin a wani asusu maimakon ka biya nan take, "to" ce ke shigowa: "charge it to my room", wato otal ya haɗa da kuɗin ɗakina.

A matsayin suna, "charge" kuɗin hidima ne, ba kuɗin kayan da za ka ɗauka ka tafi da shi ba. Shi wannan "price" ne. Akwai kuma kuɗaɗen da ke da sunansu na kansu, waɗanda "charge" ba ta shiga gonarsu: kuɗin mota "fare", kuɗin makaranta da na lauya "fee", tara "fine", kuɗin haya "rent". Ita tata gonar ta haɗa da "bank charges", "delivery charge", da "service charge" ɗin da otal ke ƙarawa a ƙasan takardar kuɗi. Shi wannan na ƙarshen ba harajin VAT ba ne, wanda a Nijeriya ya koma kashi 7.5 cikin 100 a 2020. Layi biyu ne daban, ka duba kowanne. "Surcharge" ƙari ne a kan kuɗin da aka saba, "overcharge" cuta ce a farashi, "free of charge" kuma kyauta.

Yanzu sai kotu. In laifi aka ɗora, aikatau ɗin "with" take so, ba "for" ba: "he was charged with theft", an tuhume shi da sata. Hausa ma "da" take sawa, saboda haka ka bi Hausarka a nan ba za ka ɓata ba. Wanda ya rubuta "he was charged for theft", a daidaitaccen Turanci kamar ya ce an nemi mutumin ya biya kuɗin sata ne. Kuskuren yana da dalili. Kalmomin da ke tafe tare a labarin laifi kowace da abokiyar tafiyarta: arrested for, accused of, charged with, convicted of, sentenced to. Da yake "arrested for theft" daidai ce, sai hannu ya zarce da "for" ɗin zuwa ta gaba. Maganin shi ne ka haddace su a haɗe, kamar yadda aka jera su nan, kada ka taɓa koyon ɗaya tsirara.

Jerin nan kuwa ba na nahawu kawai ba ne, matakan shari'a ne, kuma mai fassara labarai da ya cakuɗa su yana iya ɓata wa bawan Allah suna. "Accuse" zargi ne, kowa na iya yi, ko maƙwabci. "Charge" tuhuma ce ta hukuma, a rubuce, daga 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara. "Arraign" gurfanarwa ce gaban alƙali a karanta wa mutum tuhumar ya amsa ko ya musa. "Convict" samunsa da laifi ne. "Sentence" yanke hukunci. Tsakanin "charged" da "convicted" akwai tafiya mai nisa, kuma tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya faɗa a sashe na 36, ƙaramin sashe na 5: "Every person who is charged with a criminal offence shall be presumed to be innocent until he is proved guilty." Wato wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Saboda haka "charged with murder" ba a fassara ta da "ya yi kisa", ba kuma "an kama shi da laifin kisa" ba. "Ana tuhumarsa da kisa" ce.

In ta koma suna sai ta saki "with" ta kama "of": "a charge of theft", "he faces charges of fraud", "arrested on a charge of assault". A nan sai ka duba abin da ya biyo "of". In adadi ne, kamar "a charge of 500 naira", kuɗi ne. In laifi ne, tuhuma ce. "Three-count charge" tuhume-tuhume uku ne a takarda ɗaya, "charge sheet" ita ce takardar, "drop the charges" janye tuhuma, "press charges" kuma wanda aka cuta ya tsaya kai da fata sai an kai maganar kotu. Caji ofis ɗinmu ma daga nan ya samo suna: "charge office", ɗakin da ake rubuta tuhuma a ofishin 'yan sanda. "Released without charge" na nufin an saki mutum ba a tuhume shi da komai ba. Ba ta cewa komai game da kuɗi, duk da cewa mai karatu a nan gida zai so a ce hakan take nufi.

Jaridun Nijeriya kan rubuta "he was charged to court". Kowa a ƙasar ya gane, ta kuma zauna daram a Turancin gida. Amma Baturen Ingila ba haka yake cewa ba. Zai ce "he was charged with fraud and will appear in court". In rubutunka na jarrabawa ne ko na masu karatu a waje, ɗauki ta biyun. A kanun jaridun Ingila kuma za ka ga "man charged over market fire". "Over" a nan na nufin dangane da: an tuhume shi kan maganar gobarar, ba a dai faɗi sunan laifin ba tukuna.

Akwai kalmar Hausa ɗaya da ba ta komawa Turanci ta wannan hanyar. In 'yan sanda sun caje motarka a shinge, wato sun bincike ta, "searched" suka yi. "The police charged my car" sai dai in motar ta lantarki ce suka sa mata caji.

Nauyin da ba laifi ba

Mu koma kan ministan nan. "Charged with" na ɗaukar laifi, tana kuma ɗaukar amana, ginin jimlar iri ɗaya ne sak. Abin da zai raba maka gardama shi ne kalmar da ta biyo "with". Sata, zamba, kisa, "stealing", "diverting funds": tuhuma. Aikin da ake so a yi, kamar "conducting elections" ko "protecting the forest", ko ka ga "the duty of", "the responsibility of", "the task of": an ɗora wa mutum ko hukuma nauyi. "The commission is charged with conducting elections", hukumar ce ke da alhakin gudanar da zaɓe. Akwai kuma "the governor charged the youth to shun violence", wadda jaridunmu ke so ƙwarai. Mutum, sannan "to", sannan aikatau: gwamna ya hore su ne, ya yi kira gare su da babbar murya.

Daga wannan reshen ne "in charge of" ta fito. "She is in charge of the clinic", ita ke kula da asibitin, wuƙa da nama na hannunta. "Take charge" kama ragama, "put him in charge" ba shi shugabanci, "who is in charge here?" wane ne babba a nan. Sai ka kiyayi tagwayenta, domin kama da wane ba ta wane: "in the charge of". Wannan "the" ɗin guda ɗaya tana juya maganar gaba ɗaya. "The nurse is in charge of the children", nas ke kula da yara. "The children are in the charge of the nurse", yara na hannun nas. In ka rubuta "the children are in charge of the nurse" ka mayar da yara shugabannin nas. Su waɗanda ake kula da su ma ana kiransu "charges": "the teacher and her young charges" malama ce da yaran da ke hannunta, babu kuɗi babu kotu.

Mai riƙon ofishin jakadanci in babu jakada, "chargé d'affaires", ɗan wannan gidan ne, amma da rigarsa ta Faransanci ya shigo. Ana furta shi "sharje", ba "caj" ba.

Wuta

Wannan ce ma'anar da kowa ya sani, kuma ita ce ƙaramar 'ya. A ƙarni na 18, da masana irin su Benjamin Franklin ke gwajin tara lantarki a kwalba, sai suka ari kalmar ɗura bindiga suka ba wa aikin. Aikatau ɗin na tafiya da karɓau ko babu: "I am charging the phone", ina cajin waya; "the phone is charging", waya na caji. "On charge" tana jone, "fully charged" ta cika, "it doesn't hold a charge" batir ba ya riƙe caji. Katin waya da muke kira "recharge card" sunan gida ne; a Ingila "top up" suke cewa.

A ajin kimiyya "charge" suna ce ta abin da ake aunawa. Akwai "positive charge" da "negative charge", masu kama da juna na ture juna, mabambanta na jan juna. Ma'auninta "coulomb", sunan wani masanin Faransa, Charles-Augustin de Coulomb. Lambar mAh da ke jikin batir ɗin wayarka ita ma wannan take aunawa: batir mai 5,000 mAh amfiya 5 ne (amfiya ma'aunin gudun lantarki ce) na tsawon awa guda, ka ninka da daƙiƙa 3,600, ka sami coulomb 18,000. Ɗalibi ya kiyaye kada ya haɗa ta da "current", wadda ita gudun cajin ce a cikin wayar lantarki.

Ɗurin bindigar ma bai mutu ba: "explosive charge" adadin nakiyar da aka ɗura ne. In kuma an ce "the atmosphere was charged" ko "a politically charged case", wurin ya ɗauki zafi, shari'ar ta cika da siyasa.

Farmaki

In mai aikin dabba ne, ko soja, ko taron mutane, ga kuma at, into, towards ko out of a baya, to gudu ne da ƙarfi zuwa ga wani abu. "The bull charged at him", bijimi ya yi kansa. "The police charged the crowd", 'yan sanda sun auka wa taron. Wannan jimlar ta biyu mai haɗari ce, domin 'yan sanda ne, hankali sai ya tafi kotu. Duba ko akwai "with" da sunan laifi. In "with batons" ka gani, da kulake suka auka musu. "She charged into the office" ba yaƙi ba ne, ta dai faɗa ofis a fusace ba ko sallama. Jafin da mahaya ke yi a hawan salla, su sako dawaki a sukwane su ja linzami gaban sarki, shi marubutan Turanci ke kira "cavalry charge". Dokin yaƙi kuma sunansa "charger", tun kafin a haifi cajar waya.

Discharge

In "charge" ɗorawa ce, "discharge" saukewa ce, kuma tana bin 'yar'uwarta gida-gida. Jirgin ruwa ya sauke kaya, batir ya zubar da caji, ma'aikaci ya sauke nauyin da ke kansa, asibiti ya sallami majiyyaci, miki ya fitar da ruwa, duk "discharge" ne. A kotu ka buɗe ido sosai. "Discharged and acquitted" an sallami mutum an kuma wanke shi, ba a sake gurfanar da shi kan wannan laifin. "Discharged" kaɗai sallama ce ba wankewa, ana iya dawo da shi gobe.

A takardun kuɗi da na kamfani za ka ga "a charge on the property", wato an jingina kadarar ga bashi. "First-line charge" da ake ji lokacin kasafin kuɗin Nijeriya kuwa kason da ake fara cirewa ne kai tsaye daga asusun gwamnati, kamar na ɓangaren shari'a.

Gwaji

Ɗauki wannan jimlar: "The officer in charge said the driver, who charged passengers double, would be charged with extortion." Ta farko tana bayan "in", suna ce, shugabanci. Ta biyu tana da mutane a bayanta, sannan "double", adadi ke nan, kuɗi. Ta uku "with" ce da sunan laifi. Da Hausa: jami'in da ke kula da wurin ya ce za a tuhumi direban da ƙwace, saboda ya ninka wa fasinjoji kuɗin mota. Kalma ɗaya ta Turanci ta fito sau uku, Hausa ta ba ta kalma uku daban, kuma "caji" ba ta cikinsu. In fassararka ta cika da "caji" da "caje", alama ce ba ka tsaya ka tantance ba.

In za ka duba ƙamus, kada ka tsaya a ma'ana ta ɗaya. Nemi sashen aikatau ko na suna tukuna, sannan ka bi misalan da ido har ka ga wanda gininsa ya yi daidai da jimlarka. Ƙamusoshin masu koyo kan rubuta ginin da baƙin rubutu, kamar "charge somebody with something". Wannan layin ya fi bayanin da ke gabansa amfani. Harafin T na nufin aikatau so-karɓau, I ƙi-karɓau, C sunan da ke ƙirguwa, U wanda ba ya ƙirguwa. Shi ya sa ake cewa "two charges" a kotu, amma ba a cewa "in charges of". A littafinka na ajiye kalmomi ka rubuta jimla sukutum da ka tsinta a jarida ko saƙon banki, ka ja layi ƙarƙashin ƙaramar kalmar.

Furuci da rubutu kuma: "charge" gaɓa ɗaya ce, "caaj", babu wasalin i a ƙarshe, Ba'amurke na furta r ɗin, Baturen Ingila ba ya yi. "Charged" ma gaɓa ɗaya ce, "caajd", ba "cajed" ba. "Charges" ce ke da biyu, "caajiz". A rubutu e na faɗuwa a "charging", amma tana nan a "chargeable" da "rechargeable", domin in aka cire ta g ɗin zai koma irin na "gari".